Daga Dama Ake Buɗe Shi

A gaban kantar ƙarshe ta laburaren, can kusa da tagar da ba ta rufuwa da kyau, ta durƙusa tana bin lambobin littattafai da yatsa. Na bakwai, na takwas, na goma. Ta sake farowa, ko idonta ne ya tsallake. Babu na tara.

Sati uku ke nan tana zuwa a lokacin hutun rana daga shagon gilashin ido da take aiki, kuma sati uku ke nan babu na tara. Ta ja ɗan tsaki.

“In dai na tara ake nema, ɓarawon ya kawo kansa.”

Ta ɗago. Wani dogon saurayi ne a tsaye cikin shuɗiyar rigar aiki, da fensir maƙale a bayan kunne. Ya riƙe littafin da hannu biyu kamar mai miƙa takardar neman aiki.

“Kai ne?” ta ce. “Sati uku, bawan Allah? Haddace shi kake yi?”

“Sau huɗu na karanta. Uku don labarin, ɗaya don in ga yadda aka zana hannaye. Ki yi haƙuri.”

“Ba ni littafin dai, ka riƙe haƙurinka. Ina da shi da yawa a gida.”

Ya yi dariya mara sauti, irin ta wanda bai saba yin ta a gaban mutane ba, ya miƙa mata.

Littattafan zane ne irin waɗanda ake kira manga. Wannan jerin labarin wasu yara ne 'yan shekara sha biyar zuwa sha bakwai da ke bi gida-gida suna yaƙi da dodanni. Dodannin ba a daji suke ba. Gidan da aka yi rasuwa suke shiga, su laɓe a bayan ƙofa, su yi ta ƙiba da shirun mutanen gidan. In ka cire 'yan makaranta, su biyun nan ne kaɗai manyan da ke aron littattafan, kuma kowannensu ya ɗauka shi kaɗai ne.

“Shawara ɗaya,” ya ce da ta juya za ta tafi. “Kada ki karanta shi a cikin bas.”

“Saboda me?”

“Za ki ba fasinjoji aiki.”

A bas ɗin ta karanta. Kafin a kai tasha ta uku, wata tsohuwa da ke gefenta ta dafa ta tana tambayar wa ya rasu.

Bayan kwana biyu ta koma ɗaukar na goma, sai wata 'yar takarda ta faɗo daga ciki. Tikitin wurin ajiye motoci ne. A bayansa an zana yarinya a durƙushe ta haɗe rai, da mashi rataye a bayanta irin na shugabar yaran labarin. A ƙasa akwai lambar waya da layi ɗaya: “Kyaftin, in an yi kuka a kawo rahoto.”

Kwana uku takardar na cikin jakarta kafin ta rubuta masa:

“Ban yi kuka ba. Iskar taga ce ta shigar min ido.”

Ko minti ɗaya ba a yi ba amsa ta shigo:

“Ni ma iskar taga ce. Sau huɗu.”

“Wane suna zan sa wa lambar nan?”

“Duk wanda Kyaftin ta ga dama.”

Ta sa masa Mai Fensir, sunan kuwa ya bi shi.

Gidansu ɗaki biyu ne da falo a saman bene, ita da mahaifinta. Gyaran agogo yake yi a kan wani tebur da ya jingina da tagar falon, da hantsakinsa da ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido. Tana 'yar shekara shida mahaifiyarta ta rasu. Yayanta, wanda shi ne mai surutun gidan, ciwon sati ɗaya ya ɗauke shi shekara huɗu da suka wuce. Tun daga nan, in ka shiga gidan agoguna kawai za ka ji suna magana.

Baba ba mafaɗaci ba ne. Tsoro gare shi, irin wanda duk uban da ya taɓa binne ɗa ya sani. In ta yi tari sau biyu, ya tashi neman katin asibiti. In bas ya makara da ita minti goma, za ta tarar da shi a bakin matakala da takalmi wari da wari.

“Mamana, lafiya dai?”

Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa gare ta. Ta ce lafiya lau. Su ci abinci, cokali na amsa wa cokali, kowa ya shige ɗakinsa. Sunan Yaya kuwa ba mai kamawa, kowa na gudun ya fama wa ɗan'uwansa ciwo.

Shi Mai Fensir a ƙetaren gada yake, bas biyu tsakaninsu. Aikinsa zama a wata rumfar gilashi a bakin wurin ajiye motoci, ya miƙa tikiti, ya ɗaga sandar ƙarfe mota ta shige. Mutum ɗari uku za su wuce ta gabansa a yini, ba wanda zai iya faɗin kalar rigarsa. A hannun kawunsa ya tashi, gidan da ba a taɓa zaluntarsa ba, ba a kuma taɓa cigiyarsa ba in bai dawo ba.

Wata rana da la'asar ya rubuto mata:

“Kyaftin, me ya kai babbar ma'aikaciya irinki ga littafin yara?”

Ta gama goge gilashin wani dattijo, ta raka shi ƙofa, sannan ta zauna ta amsa:

“Ukun farko na Yayana ne, a ƙarƙashin katifarsa na same su. Da ya rasu kowa ya ce in yi haƙuri, na yi ta yi har ya ishe ni. A littafin nan kuwa, yarinya aka yi wa rasuwa sai aka miƙa mata mashi. Baƙin cikinta yana da ido da haƙora, ta san inda yake tsaye, ta san inda za ta soka. Nawa ba shi da fuska. Shi ya sa.”

Tana turawa ta fara da-na-sanin buɗe masa cikinta. Can sai ga shi:

“Ni kuma wurin cin abincinsu nake so. In sun gama faɗa, kowa da rauninsa, sai su zauna suna musun wa ya fi tsorata. Kullum sai an ƙirga su kafin a fara ci. In babu ɗaya, a tashi a nemo shi. Nakan daɗe a shafin nan.”

Ta karanta sau uku, sannan ta rubuta:

“Ka ci abinci yau?”

“Yanzu dai an ƙirga ni. Bari in je in ci.”

Daga nan Asabar ta zama tasu. Su zauna a teburin da ke kusa da tagar nan, littafi ɗaya a tsakaninsu, suna raɗa har mai kula da laburaren ta ƙwanƙwasa biro a tebur. Shi ya fi ta saurin karatu, amma bai taɓa juya shafi ba sai ta ɗaga kai. Wata biyar suka yi a haka, ranar da za su rabu a tasha ya ce:

“Kyaftin, ina so in zo in gaida Baba.”

“Gaisuwa kawai?”

“Irin wadda in an amsa ba a daina zuwa.”

Ta sunkuyar da kai tana wasa da igiyar jakarta. “Ka dai zo da shirinka. Dodanninka duka ba su kai Baba tambaya ba.”

Sai dai akwai Mai Kemis. A ƙasan benensu shagonsa yake, a bayan shagon kuma yake zaune. Tuzuru ne mai tsabta da ƙamshi, ba shi da aibu sai son jin muryar kansa. Kusan kowane sati sai ya hauro da agogon hannunsa.

“Agogon nan lafiyarsa lau,” Baba zai ce bayan ya kara shi a kunne.

“Baba, jiya na ji kamar yana ɗingishi.”

Idonsa kuwa na kan ƙofar kicin. Baba ya gane, kuma bai ƙi ba. Ya taɓa ƙirga matakalar da ke tsakanin falonsa da shagon, goma sha takwas ne. A ganinsa uban da 'yarsa ke matakala goma sha takwas da shi bai aurar ba, ɗaki kawai ya canza mata.

Ran da Mai Fensir ya zo, ya goge rigarsa har tana ƙyalli, ya bar fensir a gida, amma hannunsa sai kaiwa bayan kunne yake yi. Ya durƙusa ya gaida Baba. Baba ya tambayi aikinsa da iyayensa, sannan ya zo kan abin da ya dame shi.

“Daga wurinku zuwa nan, bas nawa?”

“Biyu, Baba. In an yi sa'a minti hamsin.”

“In ba a yi sa'a ba fa?”

“Awa ɗaya da rabi.”

Baba ya dubi agogunan bango ɗaya bayan ɗaya kamar zai kafa su shaida.

“Mamana ta ce kana zane. Gidaje kake zanawa?”

“Dodanni, Baba.”

Daga bakin kicin ta runtse ido.

“Dodanni,” Baba ya maimaita.

“E, amma ana kashe su a ƙarshe.”

“To madalla.”

Bai ce a'a ba, bai kuma ce e ba. Da ta raka Mai Fensir matakala, ya ciro wani ɗan littafi daga aljihu ya ba ta. Da hannunsa ya zana shi, shafi ashirin da huɗu, ya ɗinke da zare. Babu kalma ko ɗaya a ciki, babu lambar shafi, ya ce zanen zai faɗi abin da bakinsa ya kasa. Irin na manga ya yi shi, wanda ake buɗewa daga dama a bi zuwa hagu.

A kicin ta karanta a tsaye. Shafin farko wani tsoho ne shi kaɗai a kujera, agoguna a bango, wani baƙin dodo ya cika rufin ɗakin, yarinya kuma na bakin ƙofa ta ba da baya. A na biyu wani saurayi ya iso ƙofar ya riƙe hannunta. Suka shigo, ita da mashi shi da takobi. Kowane shafi dodon na ƙanƙancewa, kan tsohon na ɗagowa, har ya koma kamar ɓera a ƙarƙashin tebur. A shafin ƙarshe su uku ne a teburin suna dariya.

Ta rungume shi a ƙirji. Da safe garin saurin kama bas ta manta shi a kan kujerar falo.

Baba ya ɗauka. Ba bincike ya yi niyya ba, so yake ya san wane irin mutum ne ke neman 'yarsa. Ya zauna a teburinsa, ya buɗe shi kamar yadda ake buɗe kowane littafin boko, daga hagu.

Ya ga mutum uku a tebur suna dariya. Ya gane kansa da sanƙonsa, har ya yi murmushi. Ya juya. Ga wani ɗan baƙin abu a ƙarƙashin tebur, saurayin na tsaye a kansa. Ya sake juyawa, abin ya girma. Ga saurayin ya zare takobi a tsakiyar falo. Kowane shafi abin na ƙara kumbura, kan tsohon na ƙara sunkuyawa. Sai ga saurayin a bakin ƙofa riƙe da hannun yarinyar. A ƙarshe tsohon ne shi kaɗai a cikin duhu, dodo ya cika ɗaki, yarinyar ta ba da baya za ta fita.

Ya zauna har shayinsa ya huce. Abin da yake gani duk lokacin da ya rufe ido, shi wani ya zana masa da fensir. Ya jefa littafin a aljihun tebur ya murɗa makulli.

Da yamma, bayan ta ajiye masa abinci, ya ce, “Mamana, yaron nan kada ya sake zuwa.”

“Baba, me ya yi?”

“Na ga abin da ke ransa.”

“A ina ka gani?”

“Ban taɓa hana ki komai ba. Wannan ɗaya nake roƙon ki.”

Da tsawa ya yi mata, da ta yi gardama. Amma roƙo ya ce. Ta shiga ɗaki ta nemi ɗan littafin sama da ƙasa don ta samu abin riƙewa, ba ta gan shi ba. Ta ɗauka a bas ta yar, ta haɗa da wannan a cikin kukanta. Sannan ta rubuta:

“Mai Fensir, Baba ya ce a'a, bai faɗi dalili ba. Ni kaɗai na rage masa, ba zan ja da shi ba. Kada ka kira, in na ji muryarka zan kasa. Ka riƙa cin abinci.”

“Na ji, Kyaftin. Ba zan kira ba. Amma ban ajiye takobi ba.”

Bayan sati biyu Mai Kemis ya ƙetara gada sarin magani, ƙaddara ta kai motarsa gaban rumfar gilashin. Ya sauke gilashi ya ƙare wa Mai Fensir kallo.

“A'a! Ashe nan kake? Ba kai ne mai zanen nan da na gani a matakala ba? To ka fara feƙe fensir, katin biki za mu ba ka.”

Ba wanda ya ba Mai Kemis komai, fara'ar Baba kawai ya gani ya ɗora gini a kai. Mai Fensir ya ɗaga masa sanda ya wuce. Ya daɗe riƙe da wayarsa kafin ya tura:

“Na ji labari. Allah ya sanya alheri. Ya fi ni kusa.”

Da ta gane inda maganar ta fito, haushi ya kama ta, wai har ya yarda za ta iya. Ba ta amsa ba. Washegari Mai Kemis ya hauro da agogonsa, ta tare shi a ƙofa.

“Yallaɓai, agogonka lafiyarsa lau. Ni ce ba ni da lokaci.”

Ya sauka matakalarsa goma sha takwas bai ko waiwayo ba.

Sati shida suka wuce. Ta daina zuwa laburare. Ba ta ƙara makara ko na minti ɗaya ba, Baba bai ƙara tsayawa a matakala ba. Ya samu abin da ya roƙa, sai dai ya kasa jin daɗinsa. A watannin baya yakan jiyo 'yar dariyarta ta bango in tana duba waya, ya yi kamar bai ji ba. Yanzu babu. Abinci sai ta tsakura ta ture. Wata safiya ya leƙa kicin ya gan ta tsaye tana kallon bango, ruwa ya cika buta yana zuba a kan hannunta ba ta sani ba.

Ya koma teburinsa ya zauna. Ga shi ya kori yaron, amma falon sai ƙara kama da shafin nan na ƙarshe yake yi. Ya buɗe aljihun tebur, ya sa littafin a aljihun rigarsa. Mutumin da ya shekara huɗu bai ƙetara gada ba ya fita ya hau bas, ya sauka, ya tambaya, ya hau na biyu.

Rana na tsaka ya iso. Mai Fensir na ganinsa ya zabura, ya buga kai da ƙofar rumfar, ya durƙusa a kan kwalta. Ya jawo kujerarsa, ita kaɗai ce, ya goge ta da hannun riga.

“Ba faɗa na zo yi ba,” Baba ya ce yana haki. “Tambaya ɗaya na kawo. Na ci maka wani abu ne, yaro? Ka shigo gidana, ka sha ruwana, sannan ka bar zanen yadda za ka bar ni?”

“Yadda zan bar ka, Baba?”

Baba ya ciro littafin ya buɗe a kan cinyarsa. “Ga mu nan muna dariya. Ga abin naka nan ya fara leƙowa. Ga ka nan da takobi a falona.”

Mai Fensir ba zanen yake kallo ba, hannun Baba yake kallo.

“Baba, daga nan ka fara?”

“Daga ina ake fara littafi?”

“Wannan daga dama ake buɗe shi.”

Ya karɓa da hannu biyu, ya kifa shi, ya mayar masa. Baba ya dube shi, ya dubi littafin. Ya lashi yatsa ya fara juyawa. Ga tsohon shi kaɗai. Ga yaron a ƙofa, ashe shigowa yake yi. Wata mota ta tsaya tana hon, Mai Fensir ya miƙa hannu ya ɗaga sanda bai ko kalle ta ba. Baba na juyawa dodon na motsewa, kan tsohon na ɗagowa, har aka zo kan teburin nan.

Ya rufe, ya sake farowa daga dama, ya bi har ƙarshe a karo na biyu. Sannan ya ciro hankici ya goge fuska.

“Shekara hamsin ina karatu daga dama,” ya ce. “Da shi aka fara koya min tun ina yaro. Amma na ga wannan ba Larabci ba ne, sai na bi shi ta hagu.”

“Laifina ne, Baba. Da na sa lamba.”

“Da ka sa lamba,” Baba ya yarda. “Ko agogo in babu lamba ai canki-canki ne.”

Baba ya ɗora tafin hannu a kan littafin.

“Amma takarda ba ta gardama, duk abin da ka zana mata ta karɓa. Bas biyu ne fa.”

“Biyu ne, Baba, ba zan ce maka ɗaya ba. Na nemi a mayar da ni wurin aiki na kusa da ku, har yanzu ba a amsa ba. Amma ni ba ɗaukar 'ya kawai na zo yi ba. Ran da ta ba ni labarin kana tsayawa a matakala in ta makara, ƙorafi take yi, ni kuwa kishi na ji. Tunda nake ba a taɓa tsaya min ba.”

Baba ya juya ya dubi rumfar. Kwano ɗaya a rufe, butar shayi, tarin tikiti da zane a bayansu, fanka mai kai ɗaya da ba ta juyawa.

“Nan kake wuni? Kai kaɗai?”

“Ni da motoci.”

Baba ya ɗaga kai ya dubi sandar ƙarfen da ke tsaye a samansu, ya ɓata fuska. “Wannan in ta faɗo maka a ka fa, wa zai sani? Ka daina tsayawa a ƙarƙashinta. Matso nan.”

Mai Fensir ya matso, ya ce, “Baba, Mai Kemis fa?”

“Mai Kemis agogonsa ya warke.” Ya miƙe yana dafa gwiwa. “Ka zo ran Asabar. Kuma kafin nan ka sani, hancina bai kai yadda ka zana shi ba.”

Ba a yi sa'ar bas ba ran nan, sai gab da magariba ya iso gida. A bakin matakala ya tarar da ita, ko mayafi ba ta yafa daidai ba.

“Baba! Ina ka shiga? Na je asibiti, na je wurin masu sayar da kayan agogo, ba wanda ya gan ka!”

Ya ciro littafin ya miƙa mata. “Mamana, ubanki ne ya karanta littafi a baibai. Ki yafe min.”

A falo ya ba ta labarin duka, ta rasa dariya za ta yi ko kuka, ta haɗa biyun. Da ta lafa, ya buɗe shafin farko, na dama, ya sa yatsa a kan baƙin abin da ya cika rufin ɗakin.

“Wannan na san shi,” ya ce. “Tun ran da Yayanki ya tafi yake zaune da mu. Ni ina yi miki shiru, ke kina yi min.”

Ran nan suka kama sunan Yaya. Suka tuna yadda yake waƙa a banɗaki da muryar nan tasa kamar ta tsohuwar ƙofa, da ran da ya kwance wa Baba agogo ya mayar ya bar ƙusa uku a waje. Abinci ya huce a gabansu ba su lura ba. Sannan ta ɗauki wayarta:

“Mai Fensir, hukuncin yarda da maganar Mai Kemis yana nan yana jiranka. Amma ka zo ran Asabar. Ka zo da fensirinka.”

“Kyaftin ɗina, ko yanzu aka ce in taho, a ƙafa zan taho.”

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Ba taro ne mai yawa ba: kawunsa, abokan aikinta, mai kula da laburare, har da Mai Kemis, wanda ya fi kowa ɗaga murya wurin addu'a. Canjin wurin aikin bai samu ba, don haka a ƙetaren gada suka kama gida. Sun roƙi Baba ya biyo su, ko su su zauna tare da shi, ya ƙi.

“Tsoron nan nawa ne,” ya ce, “ba gado ba ne da zan raba muku. Ku je ku yi gidanku. Ni ma na koyi hawa bas.”

Da yamma mota ta tsaya a ƙofar benen. Ta rungume shi tana kuka, ya yi ta bubbuga bayanta yana cewa ya isa, alhali nasa idon ya fi nata ja. Da suka shiga, ya riƙe murfin motar ya sunkuyo wajen ango.

“Ba ta son fanka a kanta. In ta ce lafiya lau da sauri, to ba lafiya ba, ka sake tambaya. In ta yi tari sau biyu...”

“Asibiti, Baba.”

“A'a. Ka ba ta ruwa tukuna. Ni ne mai wuce gona da iri.”

Ya tsaya riƙe da murfin har direba ya waiwayo. Sannan ya rufe shi da kansa, ya ja da baya.

Motar ba ta kai kwanar layin ba wayarta ta yi ƙara. Ta duba, ta nuna wa mijinta:

“Mamana kun isa lafiya”

Ya karɓi wayar yana dariya ya rubuta: “Baba, har yanzu muna hango ka a madubi.”

Ta juya ta leƙa ta gilashin baya. Baba na tsaye a gefen titi, ya kai wayar kusa da hanci, yana danna ta da yatsa ɗaya. Sai da suka sha kwanar saƙon ya iso:

“Na sani gwaji nake yi. Allah ya yi muku albarka ku biyun. Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai surutu. Ku ce wa direba ya bi a hankali a kan gada.”

Ta jingina kai a kafaɗar mijinta, suka ce amin tare. Shi kuma ya taɓa kafaɗar direba.

“Malam, a hankali a kan gada. Babanmu ne ya ce.”